Giyar Hannu da Tattalin Man Fetur a Hanyar Zakirai

Gabatarwa

Garin Zakirai, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gabasawa, yana cikin yankin nan na karkarar Kano inda gonaki suka haɗe da juna, ƙauye yana kallon ƙauye, har ba a cika samun filin da aka bari ya huta ba. Gero da dawa da wake da gyaɗar da ake nomawa a nan ba sa isa kasuwannin birni sai a kan taya, haka kuma takin zamani da magunguna da sauran kayan masarufi. Direban hayar da ya yi lodi a Zakirai da sanyin safiya, ya bi ta Gezawa da Jogana ya sauke a tashar Yankaba, yakan tashi da lissafi huɗu a ransa: kuɗin mai, da kuɗin tasha, da balas ɗin mai mota, da cefanen gida. Kuɗin tasha da balas an riga an yanke su, ba shi da ta cewa a kansu. Abin da zai rage wa cefane kuwa ya dogara ne ga yawan man da motar ta sha.

Wannan lissafi ya daɗe yana ƙara tsanani. A ƙarshen shekarar 1994 ana sayar da litar fetur naira 11. A watan Janairu na 2012 an ɗaga farashin daga naira 65 zuwa 141, kafin zanga-zanga ta sa a mai da shi 97, sa'an nan a watan Mayu na 2016 ya koma naira 145. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya bayyana janye tallafin mai a jawabinsa na karɓar mulki, cikin 'yan kwanaki kuma litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 a Kano. Zuwa watan Oktoba na 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. Kowane ƙari daga cikin waɗannan ya bi mota har cikin kasuwa, domin kuɗin dakon buhu yana cikin farashin kowace tiyar hatsi.

Direba ba shi da iko a kan farashin gidan mai. Amma da yawa daga cikin motocin da ke zirga-zirga a wannan yanki, kamar Golf da Sharan da bas ƙirar Hiace da akori-kura, masu giyar hannu ne, wato waɗanda direba ne da kansa yake zaɓen giyar da za su yi tafiya a ciki. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda wannan zaɓi, tare da yadda ake taka totur da birki da kuloci, yake ƙara shan mai ko ya rage shi, da kuma dalilan kimiyya da ke bayan haka.

Ina Man Yake Tafiya?

Injin motar fetur yana aiki ne bisa tsarin da wani Bajamushe mai suna Nikolaus Otto ya kammala a shekarar 1876. A cikin kowace silinda akwai fistin da yake hawa da sauka, kuma aikinsa ya kasu mataki huɗu. Da farko yana sauka ya zuƙo iska gauraye da fetur. Na biyu ya hau ya matse su. Na uku fulogi ya ba da tartsatsi, cakuɗen ya kama da wuta, ƙarfin ƙunar ya tunkuɗa fistin ƙasa. Na huɗu ya sake hawa ya kori hayaƙi ta salansa. Mataki na uku ne kaɗai yake samar da ƙarfi, sauran ukun ci suke yi daga abin da ya samar. Domin fetur ya ƙone sarai, kowane giram ɗaya nasa yana bukatar kimanin giram 14.7 na iska.

A cikin ƙarfin da ke ƙunshe a litar fetur, abin da yake isa ga taya ba ya wuce kashi 30 cikin 100, a tuƙin cikin gari ma yakan gaza kashi 20. Mafi yawan sauran yana fita ne a matsayin zafi, ta salansa da ta lagireto. Wannan asara ce da ke cikin halittar injin, babu direban da zai kawar da ita. Sai dai akwai wasu asarori biyu da suke ƙaruwa ko su ragu gwargwadon hannun mai tuƙi.

Ta farko ita ce gogayya. Fistin yana gugar bangon silinda, sanduna suna juyawa a kan mazauninsu, famfon baƙin mai da na ruwa suna jan nasu rabon. Duk sa'ad da juyin inji ya ƙaru, wannan gogayya tana ƙaruwa, kuma da fetur ake biyan ta. Ta biyu ita ce wahalar zuƙar iska. Totur ba komai ba ne illa wani ɗan faifai da ke cikin maƙogwaron inji, wanda yake buɗewa in an taka, ya rufe in an saki. Idan faifan ya kusa rufewa, fistin yana zuƙar iska da ƙyar, kamar mai shan kunu ta siririn kara. Injin da yake juyawa da sauri alhali totur ɗinsa a tsuke yake, yana biyan asarorin nan biyu a lokaci guda.

Aikin Giya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban injin niƙa ya ga asalin hikimar giya. Bel ya haɗa ƙaramin gargare da babba, ƙaramin yana juyi da yawa kafin babban ya yi ɗaya, amma babban ya fi ƙarfin murɗawa. Akwatin giyar mota tarin irin waɗannan gargare ne masu haƙora, manya da ƙanana, kuma sandar da direba yake turawa tana zaɓen waɗanda za su haɗu.

A ƙaramar mota mai giya biyar, idan tana lamba ɗaya, inji yakan juya kimanin sau 14 kafin taya ta juya sau ɗaya. Wannan ne yake ba ta ƙarfin tashi daga tsaye da kaya a bayanta. A lamba biyar kuwa juyi uku ko ɗan fiye da haka ya isa ya juya tayar sau ɗaya. Ke nan tafiyar kilomita ɗaya a ƙaramar giya tana cin juyin inji ninkin-ba-ninkin abin da za ta ci a babbar giya.

Alal misali, a ɗauki inji mai silinda huɗu. Kowace silinda tana kama wuta sau ɗaya a juyi biyu, saboda haka idan injin yana juyi 3,500 a minti, ana ƙuna sau 7,000 a cikinsa. Idan aka sa giya ta gaba juyin ya sauko 2,000, ƙunar ta koma sau 4,000, alhali gudun motar bai canja ba. Gaskiya ne a babbar giya kowace ƙuna tana ɗaukar mai fiye da ta ƙaramar giya, domin aikin da ke kanta ya ƙaru. Amma jimillar man ta ragu, saboda gogayya ta ragu, totur kuma ya ƙara buɗewa, injin yana numfashi cikin sauƙi. Wannan shi ne tushen dukkan tattalin mai a motar giyar hannu.

Yaushe Ake Canja Giya?

Ƙa'idar da masu koyar da tuƙin tattali suke bi ita ce a canja zuwa giya ta gaba idan juyin injin fetur ya kai tsakanin 2,000 da 2,500 a minti, na gas kuwa tsakanin 1,500 da 2,000. Lamba ɗaya ta tashi ce kawai, da mota ta mirgina tsawon jikinta sau ɗaya ko biyu sai a wuce lamba biyu. A kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta, ƙaramar mota marar nauyin kaya takan karɓi lamba uku a wajen kilomita 30 a awa, lamba huɗu a wajen 40 zuwa 50, lamba biyar daga 60. Ƙasar Gabasawa da Gezawa shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da manyan hawa, don haka babu dalilin da zai sa mota ta daɗe tana kuka a lamba uku a kan wannan hanya.

Motar da agogon juyinta ya mutu, kunne ya isa. Inji mai ihu yana neman giya ta gaba. Inji mai kakari da jijjiga, wanda aka taka masa totur ya ƙi amsawa, yana neman a dawo da shi baya. Wannan hali na biyu yana bukatar a kula da shi ƙwarai, domin wasu direbobi, don son tattali, sukan bar mota cike da buhuna a lamba biyar tana tafiyar hawainiya. A irin wannan yanayi ƙuna tana dukan fistin da mazaunin sanduna da ƙarfi alhali juyi ya yi ƙasa, kuma abin da aka tsimi a gidan mai sai a biya shi ninki a wurin bakanike. Mota mai kaya ana jinkirta mata canjin giya fiye da wadda ba ta da komai.

Hanzarin tashi ma yana da matsakaici. Taka totur har ƙasa yana sa inji ya ƙara yawan fetur a cikin cakuɗensa fiye da abin da iska za ta iya ƙonawa. Jan ƙafa a ƙananan giyoyi kuma yana tsawaita zama a inda asara ta fi yawa. Abin da ya fi shi ne a taka da matsakaicin ƙarfi, a haye giyoyin da wuri, a kai gudun da ake so, a tsaya a kansa. A hanyoyin ƙauyuka masu yashi, ko masu taɓo da damina, lamba biyu da totur marar rawa sun fi lamba ɗaya da kartar ƙasa, domin tayar da take juyawa a wuri ɗaya mai take sha ba tare da tafiya ba.

Birki Ma Yana Shan Mai

Mutane da yawa sun ɗauka totur ne kaɗai yake cin mai. Amma duk motar da take gudu tana ɗauke da ƙarfin motsi wanda aka saya da fetur, kuma birki yana mai da wannan ƙarfi zafi ne ya watsar a iska. Ƙarfin motsi yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa, wato idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin ya ninka sau huɗu.

Ana iya lissafa wannan. Mota mai nauyin kilogiram 1,500 tare da fasinjojinta, idan aka tashe ta daga tsaye zuwa kilomita 80 a awa, man da ya tafi wajen ba ta wannan gudu kaɗai ya kai kimanin cokali uku na cin abinci. Da an taka birki ta tsaya, cokulan nan uku sun tafi. Abin kamar ba shi da yawa, amma da yayyafi kogi kan cika: tsayawa ashirin irin wannan ta kusa cinye lita guda. Hanyar haya kuwa cike take da dalilan tsayawa, daga tudun rage gudu a bakin gari, zuwa shingen jami'an tsaro, da garken dabbobi masu tsallakawa, da fasinjan da ya ɗaga hannu a bakin titi.

Tsayawar ba ta da makawa, abin da ake iya gyarawa shi ne yadda ake isa gare ta. Direban da ya san hanyarsa ya san inda kowane tudu yake. Idan ya ɗage ƙafa daga totur tun daga nesa, ya bar motar ta rage gudu da kanta a cikin giya, ya yi amfani da ƙarfin da ya riga ya saya. Wanda ya ci gaba da takawa har bakin tudun sa'an nan ya danne birki, ya sayi ƙarfi ya zubar. Barin tazara tsakanin mota da wadda ke gabanta yana da irin wannan amfani, domin mai bin bayan wani kut-da-kut ba ya rabuwa da birki. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tuƙin ganganci, wato fizgar mota da yawan taka birki da gudun wuce sa'a, yana rage nisan da lita take kaiwa da kashi 15 zuwa 30 cikin 100 a babbar hanya, da kashi 10 zuwa 40 a cikin cunkoso.

Gudu da Turjiyar Iska

Mai keken da ya fuskanci iskar hunturu ya san iska tana da nauyi. Turjiyarta ma da ninkin gudu a kan kansa take ƙaruwa. Daga kilomita 80 a awa zuwa 100, turjiyar tana ƙaruwa da fiye da rabi. Daga 80 zuwa 120 kuwa ta ninka sau biyu da kwata. Shi ya sa yawancin ƙananan motoci suka fi tattalin mai a tsakanin kilomita 60 da 80 a awa cikin babbar giya.

Ribar gudu kuma ba ta kai yadda ake zato ba. Tafiyar kilomita 40 tana ɗaukar minti 30 a gudun 80, minti 24 a gudun 100. Fasinjan da yake cewa, "Malam direba, a ɗan taka mana," minti shida yake nema, direban kuma shi zai biya da man tankinsa. Dokar hanya ta Nijeriya, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988 take kula da ita, ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa a cikin gari da 80 a kan hanya irin wannan. A nan doka da tattali sun zo ɗaya.

Kayan da aka ɗaure a saman mota, ko but ɗin da aka bari a buɗe buhuna sun leƙo waje, suna ƙara faɗin abin da iska take tura wa, kuma illarsu tana tsananta ne idan gudu ya yi yawa. In dole ne a ɗauki irin wannan kaya, rage gudu shi ne magani.

Sakin Mota a Firi

Akwai wata al'ada da ta daɗe a tsakanin direbobi, wato a kai mota gudu sa'an nan a mai da giya firi a bar ta tana gangarawa. Al'adar tana da asali. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a shekarar 1975, kuma ƙirar 504 da ya yi ta fitarwa ita ce makarantar direbobi da yawa a Arewa. Irin waɗannan motoci kafireto suke amfani da shi, wanda yake sakin fetur muddin iska tana ratsa shi, ko an taka totur ko ba a taka ba. A cikinsu sa firi yana iya ɗan rage shan mai.

Motocin injekta, waɗanda su ne mafi yawan 'yan Kwatano da aka shigo da su daga baya, tsarinsu dabam ne. Suna da ƙwaƙwalwar lantarki da take lura da juyin inji da matsayin totur. Idan mota tana cikin giya, direba ya ɗage ƙafarsa gaba ɗaya, juyin kuma bai yi ƙasa sosai ba, ƙwaƙwalwar tana yanke fetur ɗungurungum, tayoyi ne suke juya injin. Idan kuwa aka sa firi, an raba inji da taya, dole a ci gaba da ba shi mai don kada ya mutu. Saboda haka wajen tunkarar tudu ko shinge, inda dama rage gudu ake so, barin mota a cikin giya ya fi firi tattali, kuma yana rage wa birki aiki.

Abin da ya fi wannan muni shi ne kashe inji alhali mota tana tafiya. Taimakon da birki yake samu daga inji yake fitowa, kuma bayan taku biyu ko uku yakan ƙare, birkin ya yi tauri. Sitiyari mai taimakon inji shi ma yakan yi nauyi, in kuma aka murɗa makulli fiye da kima sitiyarin yana iya kullewa. A hanyar da yara da babura da amalanken shanu suke fitowa ba zato, man da za a tsima ta wannan hanya bai kai a sa rayukan mota guda a kansa ba.

Kuloci da Silo

Kuloci faifai ne da yake haɗa inji da akwatin giya ta hanyar matsewa. Idan direba ya ɗora ƙafarsa a kansa yana tafiya, ko da ba da nauyi ba, faifan yana iya zamewa, wani ɓangare na ƙarfin inji ya zama zafi, faifan kuma ya cinye da wuri. Haka nan riƙe mota da rabin kuloci a cunkoson Yankaba, maimakon a taka birki a sa firi.

Injin ƙaramar mota da aka bari yana silo yana shan tsakanin rabin lita da lita ɗaya a awa ba tare da an je ko'ina ba. A tasha akan ga motar da aka bari a kunne ana jiran cikon fasinja, sau da yawa don batir ko kik ya lalace, in ta mutu sai an tura. Man da take sha a 'yan makonni ya isa ya gyara abin da ya lalace. Haka kuma doguwar ɗumama inji da safe. Motar injekta ba ta bukatar fiye da ɗan lokacin da baƙin mai zai zagaya, kimanin rabin minti zuwa minti ɗaya, sa'an nan a tashi a hankali, domin inji ya fi saurin ɗumi yana tafiya. Zuga totur kafin a kashe mota ba ya ajiye mata komai don gobe.

Lafiyar Motar Kanta

Gwanintar direba ba ta rufe aibin mota. Tayar da iskarta ta yi ƙasa tana lanƙwashewa a kowane juyi, ta yi zafi, ta ƙara wa inji nauyi. Ma'aunin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko a murfin tankin mai na yawancin motoci, kuma ana auna shi ne da safe kafin taya ta ɗau zafi. Bugun taya da ƙarfe a saurari ƙararta ba ya maye gurbin ma'aunin mai faci. Lodin da ya wuce kima yana ƙara man da kowane tashi yake ci, ya kuma tsawaita nisan da birki yake bukata.

Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska. A motar kafireto wannan yana sa fetur ya rinjayi iska, salansa ta yi baƙin hayaƙi. A motar injekta ƙwaƙwalwa tana daidaita man da iskar da ta samu, sai dai motar ta rasa ƙarfi. Ko ta wace fuska, duba matatar ya kamata ya yawaita daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Fulogin da ya gaji yana barin fetur ya fita bai ƙone ba. Fetur ɗin da aka gauraya da kananzir, wanda akan ci karo da shi a wasu jarkokin bakin hanya, yana sa inji ƙwanƙwasa.

Akwai kuma gyare-gyare biyu da suka zama ruwan dare a garejoji. Na farko shi ne cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da yake tsare ruwan inji har ya kai zafin aikinsa na kimanin digiri 90, tare da haɗa fanka kai tsaye, wai don ƙasar tana da zafi. Injin da aka yi wa haka yana daɗewa bai yi ɗumi ba, musamman da safiyar hunturu, ƙwaƙwalwarsa kuma tana ƙara masa mai muddin tana ganin sa da sanyi. Na biyu shi ne taɓa na'urar da ke jikin salansa mai auna iskar oksijin, wadda sau da yawa ake lalatawa wajen cire matatar hayaƙin da ake kira indomi. Idan wannan na'ura ta daina aiki, ƙwaƙwalwar ta rasa mai gaya mata ko cakuɗen ya daidaita, shan mai kuma ya ƙaru.

Giyar Hannu ko Otomatik?

A da, motar otomatik ta fi shan mai ba tare da jayayya ba, domin giyoyinta uku ne ko huɗu, kuma tana isar da ƙarfi ta cikin ruwan mai wanda yake zamewa. Sababbin motocin otomatik masu giya shida zuwa goma sun cike wannan giɓi, wasunsu ma sun wuce giyar hannu. Amma a tsakanin tsofaffin motocin da suka fi yawa a tashoshin karkara, giyar hannu tana nan da fifikonta na tattali da sauƙin gyara. Sharaɗin shi ne direba ya zaɓi giya daidai, domin motar giyar hannu da aka bari tana ihu a lamba uku tana iya fin otomatik shan mai. Ƙa'idojin nan kuma sun shafi babur da A Daidaita Sahu, tun da su ma giya da kuloci suke amfani da su.

Yadda Ake Aunawa

Hanyar gane gaskiyar duk wannan ita ce awo. A cika tanki har famfo ya tsaya, a rubuta lambar maleji, a yi aiki, a sake cikawa a wuri ɗaya. Litar da ta shiga a karo na biyu ita ce abin da aka sha a kilomitocin da aka yi. In maleji ya mutu, sai a ƙirga sawu, wato lita nawa ake sha a zuwa da dawowa tsakanin Zakirai da Kano. Mako biyu na tuƙin da aka saba, da mako biyu na sabon salo, sun isa su nuna bambanci.

Ga misali na lissafi kawai. A ce mota tana shan lita 10 a kilomita 100, tana kuma yin kilomita 160 a rana, wato lita 16. Idan direba ya rage kashi 10 cikin 100, ya tsimi lita 1.6 kullum. A kwanakin aiki 300 ya tsimi lita 480, wadda a farashin naira 1,000 ta kama naira 480,000. Bugu da ƙari, tun da kowace litar fetur tana fitar da kimanin kilogiram 2.3 na iskar kabon dayoksaid mai ɗumama duniya, ya hana fiye da tan ɗaya nata shiga sama.

Kammalawa

Abin da wannan maƙala ta tattauna ya taru ne a kan 'yan ɗabi'u: a hau babbar giya da wuri ba tare da an sa inji kakari ba, a hango tsayawa tun daga nesa, a riƙe matsakaicin gudu, a bar motar injekta a cikin giya wajen rage gudu, a ɗage ƙafa daga kuloci, a kashe inji idan jira zai yi tsawo. Babu ɗaya daga cikinsu da yake bukatar sayen wata na'ura. Mafi yawan direbobin karkara a hannun iyayen gidansu suka koyi tuƙi, suna yaran mota, saboda haka tasha ita ce makarantar da ya kamata wannan ilmi ya shiga, ta hannun shugabannin ƙungiyar direbobi da bakanikai da masu motocin kansu. Masu iya magana sun ce sannu ba ta hana zuwa. Direban da ya isa Yankaba minti shida bayan abokinsa ya sauke fasinjojinsa lafiya, kuma akwai sauran mai a tankinsa na komawa Zakirai.